Ɗorin babur a Mongoliya: yadda aka zaɓi abin hawa don tafiyar Landan zuwa New York a 2004

A wani fili da ke yammacin ƙasar Mongoliya, inda ba kwalta ba burji sai sawun tayar motocin da suka riga ka wucewa, wani Bature mai suna Charley Boorman ya durƙusa a gindin babur yana yi masa ɗori. Ɗori na gaske, irin na karaya. Babur ɗin ya sha ƙasa da kayansa, sasinsa ya karye. Boorman ya ɗauko ƙarafunan da ake ɓanɓare taya da su, ya jera su a jikin karayar kamar karan ɗori, ya ɗaɗɗaure da 'yan igiyoyin roba masu haƙora da ake tattare wayoyi da su. Da haka aka lallaɓa har gari na gaba.

Babur ɗin BMW ne, samfurin R1150GS Adventure, wanda a wancan lokacin in aka ce a lissafo baburan doguwar tafiya da shi ake farawa. Kafin a jima an loda shi a mota an yi gaba da shi, mai shi kuma, wato mai ɗaukar hoton tafiyar, ya ci gaba da tafiya a kan wani jan babur ƙirar Rasha da aka saya a kan kimanin dala 1,000.

Gardamar wane babur ya fi dacewa da doguwar tafiya ba ta ƙarewa, kuma yawanci a zaune ake yin ta, kowa yana yabon wanda ke jingine a zauren gidansa. Na ɗauki wannan tafiya ta 2004 ne saboda komai nata a gaban kyamara aka yi shi, tun daga musun farko a Landan har ranar da aka shiga New York, aka kuma nuna shi a talabijin da sunan Long Way Round. Ke nan ana iya ɗora abin da mutanen suka zata a kan abin da hanya ta yi musu, a ga inda suka dace da inda suka sha bamban.

Mutanen da hanyarsu

Ewan McGregor ɗan wasan fim ne ɗan Sikotilan, sunansa ya riga ya zaga duniya. Boorman amininsa ne, shi ma ya taɓa wasan fim amma babur ya fi shiga ransa, tun yana yaro a karkarar Ailan yake wasa da shi a jeji. McGregor gwanin kwalta ne, Boorman kuwa ya san ƙasa da tsakuwa. Na ukunsu mai ɗaukar hoto ne, Claudio von Planta ɗan Suwizalan, wanda ana dab da tashi aka gano lasisinsa bai halatta masa tuƙa babur ɗin ba. Ya shiga jarrabawar tuƙi a Ingila ya faɗi, sai a karo na biyu ya ci, ya hau jirgi ya tarar da su a Prague, babban birnin Cek. An ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan kam a ranar aka fafe shi. Mutumin da bai daɗe da cin jarrabawa ba, shi ma ƙaton babur iri ɗaya da na sauran aka ba shi, ga kayan kyamara a bayansa.

Sun bar Landan ranar 14 ga Afrilu 2004, suka isa New York ranar 29 ga Yuli, tafiyar kimanin kilomita 31,000. Sun ratsa Faransa, Beljiyam, Jamus, Cek, Sulobakiya da Yukiren, suka shiga Rasha, suka gangara Kazakistan, suka sake komawa Rasha, daga nan Mongoliya, sai Saberiya har garin Magadan a bakin teku. Jirgin sama ya kai su Anchorage a Alaska, suka bi ta Kanada suka ƙarasa cikin Amurka. Akwai motocin rakiya ƙirar Mitsubishi ɗauke da masu shirya fim ɗin, waɗanda galibi a kan iyaka ake haɗuwa da su. Wannan ma abin lura ne. Wanda ke da mota a bayansa ba lissafinsa ɗaya da wanda ya fita shi kaɗai da Ubangijinsa ba.

Musun da aka yi a Landan

McGregor BMW yake so. Boorman kuwa ya kafe a kan KTM 950 Adventure, ƙirar Ostiriya. An ɗan duba Honda, amma ainihin takarar tsakanin waɗannan biyu take.

Kowane yana da hujja, kuma hujjar kowane tana da tarihi a hamadar Afirka. Jerin GS na BMW ya fara ne a 1980 da samfurin R80G/S. Haruffan biyu daga Jamusanci suke, ɗaya na nufin jeji ɗaya titi. Da irinsa Hubert Auriol ya ci gasar tseren hamada ta Paris zuwa Dakar a 1981 da 1983, Gaston Rahier ya ci a 1984 da 1985, a shekarun da gasar ke bi ta Agadas da hamadar Tenere. KTM kuma Fabrizio Meoni ya ci masa Dakar a 2002 a kan babur mai injin da aka zo aka sa wa 950 ɗin kasuwa. Boorman ba shaci-faɗi yake yi ba da ya ce wannan babur jikan filin tsere ne.

In aka ajiye tarihi aka dubi ƙarfe, ga abin da ke gabansu. BMW ɗin injinsa cc 1,130 ne, silinda biyu kwance, ɗaya ta leƙo dama ɗaya hagu, ƙarfin doki 85. Ba shi da sarƙa. Farfela ce ke juya tayar baya kamar ta mota, don haka ba zancen shafa mai ko ɗaure sarƙar da ta saki. Ana iya sa masa tanki mai cin lita 30, wanda kan kai mutum kilomita 400 da ɗoriya. Mazauninsa faffaɗa, gilashin gaba yana tare iska, tayoyinsa ba tif a ciki. Nauyinsa da mai ya haura kilo 250. KTM ɗin cc 942 ne, ya fi ƙarfi, ya fi sauƙi, wajen kilo 200 kafin a zuba mai. Tayarsa ta gaba inci 21 ce, ta BMW 19, kuma duk wanda ya taɓa shiga yashi ko ya hau kan dutse ya san babbar tayar gaba ta fi haye abu ba ta tsaya tana gardama da shi ba. Amma sarƙa gare shi, tankinsa lita 22, kuma sabon samfuri ne da ya shiga kasuwa a 2003, ba a gama sanin halinsa a doguwar tafiya ba.

Sun gwada duka biyun a ƙasa. McGregor ya sakko, aka tsaya a kan KTM. Sai kamfanin ya turo wani wanda ya san hanyoyin gabashin Rasha ya ji shirinsu, bayan haka kuma ya janye, bisa tsoron ba za su kai ba a ce baburansa ne suka gaza. Boorman ya ji ciwon abin ƙwarai. BMW ta ba da guda uku, aka ɗaɗɗaura musu kyamarori, makirufo, na'urar nuna hanya da akwatunan ƙarfe a gefe biyu kamar mangalar jaki.

Ke nan zaɓin da aka fi yawan kafa hujja da shi a duniyar masu yawon babur ba mahayan ne suka yi shi ba. Sun zaɓi wani, aka hana su, suka karɓi wanda aka ba su. Kuma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne musun da aka nuna wa duniya tsakanin manya biyu ne kawai. A kasuwar wancan lokacin akwai masu silinda ɗaya irin su Suzuki DR650, wanda da mai bai kai kilo 170 ba, da F650GS Dakar na ita BMW ɗin kanta. Gasar Dakar biyu na farko, 1979 da 1980, Cyril Neveu a kan Yamaha XT500 ya cinye su. R80G/S ɗin da aka gina sunan GS a kansa ma bai kai kilo 190 ba. Cikin shekara 20 da 'yan kai, babur ɗin ya yi ƙiba ta fiye da buhun siminti guda.

Daga Landan zuwa iyakar Yukiren ba wanda zai yi ƙorafi. A kan kwalta mai kyau nauyi rahama ne: tirela ta wuce ka iskarta ba ta kaɗa ka, ka yi awa shida a zaune bayanka bai ƙage ba, injin yana tafiya a natse ba ya kuka. Ramukan Kazakistan suka fara jijjiga su, amma baburan sun jure. Mongoliya ce ta buɗe littafin.

Buhu biyar a cikin taɓo

A 2004 kwalta a Mongoliya kaɗan ce ƙwarai, a yamma kuwa kusan babu. Hanya sawu ne a cikin ciyawa, ya rabu gida biyar ya sake haɗewa, ya shiga fadama ya fita ta kan duwatsu. In ruwa ya sauka fadamar ta zama taɓo mai santsi.

Mai karatu ya ƙaddara buhun siminti biyar a ɗaure wuri guda, a kan taya biyu. Wannan babur ɗin kaɗai ne da mansa. A ƙara akwatuna biyu cike, jaka a baya, tanti, kayan gyara, ruwan sha, batura da kyamara. Buhu na shida ya hau, wataƙila har da wani abu a kai. Mazaunin yana da tsayin kusan santimita 90, mai matsakaicin tsawo da ƙyar yatsun ƙafarsa ke taɓa ƙasa. Tayar gaba ta zame a laka, ka sa ƙafa ka tokare, ƙafar ma ta zame. Babur mai kilo 120 irin Boxer ɗin 'yan acaɓa, a nan cinyarka za ta tare shi ka miƙe ka wuce. Wannan kuwa in ya karkata ya wuce wani mizani, ba abin da za ka yi sai ka sake shi ka yi tsalle gefe. Daga nan sai aikin tayarwa: a kashe inji, wani lokaci a sauke kaya, mutum biyu su sa baya su ɗaga suna santsi, a mayar da kaya, a tayar, a yi mita 200, wani ya sake faɗuwa. Faɗuwar farko abin dariya ce. Ta biyar a yini guda ta cinye ƙarfin da za ka riƙe kan babur da shi, shi ya sa ta shida ke zuwa da wuri. Haka suka yi ta fama, wasu ranakun tafiyar da suka yi ba ta taka kara ta karya ba.

A irin wannan faɗuwa ce sasin babur ɗin von Planta ya karye. Ban ɗora laifin a kan ƙarfen kaɗai ba. Duk kilo ɗaya da ka rataya a can bayan babur, in taya ta faɗa rami ta fito, dukan da yake yi wa sasi ya ninka nauyinsa, kuma dukan nan sau dubbai ne a yini. Babban babur yana da wata yaudara: da yake yana iya ɗaukar kaya, sai ka yi ta loda masa. Mai ƙaramin babur tun a gida dole ta sa ya zubar da rabin tarkacensa.

A garin da suka kai shi aka samu mai walda, ya yi masa waldar lantarki, sasi ya haɗe. Aka zo tafiya, birki ya ce bai san zancen ba. Na'urar ABS, mai hana taya kullewa in an kama birki da ƙarfi, ta mutu. Baburan BMW na waɗannan shekarun birkinsu yana da wata na'urar lantarki mai ƙara masa ƙarfi, haɗe da ABS ɗin. In ta tsaya, abin da ya rage na birki ɗan kaɗan ne, bai isa ya tsayar da wannan nauyi a gangare ba. Masu walda a garuruwanmu sun koyi wannan darasi da tsada lokacin da motoci masu ƙwaƙwalwa suka cika gari: kafin ka kusanci irin wannan abin hawa da wutar walda, ka cire batir, ka zare wayoyin ƙwaƙwalwar, ka maƙala wayar ƙasa dab da inda za ka yi aiki, in ba haka ba wutar ta bi ta inda ba a aike ta ba. Karayar ƙarfe ciwo ne da kowane gari ke da mai maganinsa. Ƙonewar na'ura kuwa ba mai taɓa ta a faɗin wannan yanki. Gyaran da aka iya ya haifi ɓarnar da ba a iya ba, dole aka tura babur ɗin gaba a mota.

Madadinsa shi ne IZh Planeta 5, ƙirar garin Izhevsk na Rasha, sabo fil, ja, suka yi masa laƙabi da Jan Shaiɗan. Silinda ɗaya, cc 346, ƙarfin doki 22, injin nan mai hayaƙi da ke ƙona fetur tare da baƙin mai. Nauyinsa wajen kilo 160. Fasalinsa na zamanin Tarayyar Sobiyet ne, ba ƙwaƙwalwa ba na'ura, kafireta ce da fulogi da waya. Ƙarfinsa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na BMW ne.

Raina kama ka ga gayya. Von Planta, wanda shi ne ya fi shan wuya a baya, sai ga shi yana ratsa taɓon da manyan ke kafewa a ciki. Mazaunin ƙasa-ƙasa ne, ƙafafunsa biyu suna taka ƙasa sosai, in ya zame ya tokare, in ya faɗi ya ɗaga abinsa shi kaɗai. Ƙarancin ƙarfin ma ya zama alheri, domin a laka ƙarfin da ya yi yawa tayar baya kawai yake sa wa ta yi ta juyawa tana haƙa wa kanta rami.

Kada a ɗauka Jan Shaiɗan waliyyi ne. Ya yi ta lalacewa, giyarsa ta ba da matsala. Bambancin shi ne da ya tsaya a jeji, mutanen yankin da suka zo wucewa suka durƙusa suka gyara shi nan take, suna dariya, domin irinsa suke hawa, sun san cikinsa kamar yunwar cikinsu. A nan ne na ga ma'aunin da ba a rubutawa a takardar talla. Ana tambayar ko babur yana lalacewa, alhali duk babur yana lalacewa in tafiya ta yi nisa. Tambayar da ta fi amfani ita ce in ya lalace a wuri mafi nisa da gari a hanyarka, wa zai iya taɓa shi, kuma da me.

A Ulan Bato, babban birnin Mongoliya, suka haɗu da Ted Simon, ɗan jaridar Birtaniya wanda labarin tafiyarsa na cikin abin da ya zaburar da su. Shi ya bar Landan a 1973 a kan Triumph Tiger mai cc 500, ya shekara 4 yana yawo, ƙasashe 45, sama da kilomita 100,000, ba motar rakiya. Injinsa bai kai rabin nasu ba.

Saberiya

Gabashin Rasha ya zo da nasa. Akwai wani yanki da a lokacin babbar hanyar da ta ratsa Saberiya ba ta haɗe ba. Nan suka loda baburan a jirgin ƙasa, tafiyar kimanin kilomita 930. Bayan sun sauka suka kama hanya, sasin babur ɗin McGregor shi ma ya karye a wuri biyu, suka tare babbar mota ta mayar da su garin Tynda aka yi walda. Babur biyu cikin uku ke nan, ciwo iri ɗaya.

Daga Yakutsk zuwa Magadan ita ce hanyar Kolyma, kimanin kilomita 2,000, wadda fursunonin zamanin Stalin suka gina tun daga shekarun 1930, ake kiranta Hanyar Ƙasusuwa saboda yawan waɗanda suka mutu a aikin. Sun iso ta a lokacin da ƙanƙara ta narke, koguna sun cika, gadoji da yawa sun rushe. McGregor ya shiga ruwa injinsa ya shaƙa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ya cika silinda ka matsa wa inji ya juya, sandar fistin ce za ta lanƙwashe, tafiya ta ƙare. Maganin shi ne a kwance fulogai, a buɗe akwatin iska a tsiyaye shi, a danna sitata injin ya yi ta feso ruwan ta ramin fulogi har ya bushe. A nan fasalin BMW ya yi rana, domin silindoginsa a waje suke, hannu na kai wa gare su ba sai an sauke tanki ba. Su ne kuma ke tokare ƙasa in babur ya faɗi, ba ya kwanciya shame-shame a kan ƙafar mai shi. Injin ya tashi, aka ci gaba.

Amma da kogunan suka yi zurfi, ba babur ɗin da zai haye su, babba ko ƙarami. Manyan motocin Rasha masu dogayen tayoyi aka samu suka ɗauki baburan suka tsallakar da su. Boorman ya ji ciwo a kafaɗa har ya yi kwanaki bai iya tuƙi ba. In aka duba da adalci, mutumin da ya ba KTM shawara bai yi kuskuren karanta hanya ba: akwai wuraren da ba su tuƙa ba, ɗaukarsu aka yi. Abin da bai hango ba shi ne masu kallo ba za su damu da hakan ba. Su dai sun ga babur ya faɗi sau ba adadi, ya sha ruwa, an yi masa walda, ya kuma tashi ya isa Magadan.

Daga Anchorage zuwa New York kwalta ce shimfiɗe, dubban kilomitoci, kuma a nan BMW ɗin ya dawo gidansa. Kusa da Calgary a Kanada wani matashi ya bugi McGregor ta baya da mota. Akwatunan ƙarfen nan da suka taimaka wajen karya sasi su suka shanye dukan, ya tsira ba wani mummunan rauni. Jan Shaiɗan da ƙarfin dokinsa 22, a kan waɗannan tituna tsakanin manyan motoci, da azaba ce tsantsa.

To, an yi zaɓi daidai ko kuwa? In da kilomita za a auna, BMW ya ci, domin mafi yawan tafiyar a kan hanyar da ta dace da shi aka yi ta, injinansa uku kuma ba wanda ya buga. In da kwanakin wahala za a auna, da wuraren da tafiyar ta kusa watsewa, nauyinsa da kayan da aka ɗora masa da na'urorinsa su ne suka jawo mafi yawansu. Ni a ganina ma'auni na biyu ya fi nauyi ga wanda zai fita shi kaɗai. Ƙaramin babur a kan kwalta gajiya zai sa ka da jinkiri, ka kwana a hanya ka tashi. Ƙaton babur a cikin taɓo, ba abokin ɗagawa, ba motar da za ta zo, yana iya tsayar da tafiyar ɗungurungum. Su McGregor su uku ne, ga rakiya, ga kamfani da zai aiko da kayan gyara duk inda jirgi ke sauka. Wannan ya rufe musu ramin da zaɓin ya bari. KTM ɗin da Boorman ya so da ya fi daɗin sarrafawa a ƙasa, ban musa ba, amma in aka loda masa kaya iri ɗaya shi ma ya shiga sahun abin da mutum ɗaya ba ya ɗagawa sau biyar a yini.

Akwai misali na kusa da ya bi tsakiya. A 2022 Kunle Adeyanju ya taso daga Landan ranar 19 ga Afrilu ya iso Legas ranar 29 ga Mayu, don yaƙi da cutar shan-inna, ta Faransa, Sifen, Maroko, Muritaniya, Senegal, Mali har gida. Honda CB500X ya hau, cc 471, nauyinsa da mai bai kai kilo 200 ba. Hanyarsa yawanci kwalta ce, mai kyau da mai ramuka, kuma shi kaɗai ne a kan babur ɗinsa. Yana da ƙarfin da zai bi babbar hanyar Turai, bai kuma yi nauyin da zai gagari mutum ɗaya ba.

Kasuwa kuwa wani darasi daban ta ɗauka daga tafiyar 2004. Bayan an nuna shirin, GS ya zama babur ɗin da kowane mai mafarkin zaga duniya ke so, har da akwatunan ƙarfen, ko da iyakar tafiyarsa ofis ne da gida. Jan babur ɗin da ya ratsa taɓo ba wanda ya je nemansa. BMW dai ta san inda ciwon yake: a wannan shekarar ta 2004 ta fito da R1200GS, wanda ta rage wa kimanin kilo 30 daga nauyin wanda ya gabace shi. Sai masu saye suka nemi babban tanki da ƙarin kariya, aka fito musu da samfurin Adventure na sabon. Wannan samfurin ne McGregor da Boorman suka hau a 2007 da suka taso daga arewacin Sikotilan zuwa Cape Town, ta Libiya, Masar, Sudan da Habasha. Tankinsa lita 33 ne, nauyinsa da mai kilo 256, kafin a rataya masa akwati ko ɗaya.